Wane Audun? Gajeren Suna da Iyakar Gida a Bahindi

A ƙarshen girbin shinkafar rani, lokacin da zafin bazara ya cika ya tumbatsa, manoman tungayen bakin Kwara kan yi sammako su kawo shanshera wurin awon wani kamfanin casar shinkafa a Bahindi, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Tsarin aikin ba shi da wani rikici. A ɗora buhu kan sikeli, magatakarda ya shigar da nauyi da sunan manomi cikin kwamfuta, kwamfutar ta aika da bayanin ga babbar na'urar da ke riƙe da lissafin kamfani, sannan rasit ya fito. Da wannan rasit ake biyan manomi ta asusunsa na banki. Babbar na'urar tana da suna, kamar kowace na'ura a kamfanin, kuma wanda ya raɗa mata shi Bahaushe ne, domin rumbu ya sa mata. Wata safiyar Litinin magatakarda ya auna buhun farko, ya danna maɓallin aikawa, sai kwamfutar ta yi jim, ta ce ba ta sami rumbu ba. Ya sake dannawa, ta maimaita. Kafin hantsi layin amalanke da babura da a-kori-kura ya kai bakin hanya.

Wanda aka kira ya duba matsalar ɗan garin ne, saurayi da ya karanta ilimin kwamfuta a Birnin Kebbi ya dawo gida da aikin kula da na'urorin reshen Bagudo. A wurin aiki Injiniya ake ce masa. A gida kuwa babu mai kiran sa haka, kuma kusan babu mai kiran sa da sunansa na yanka. Ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyarsa ba ta taɓa furta sunan ba tun ranar da aka raɗa shi. Ga shi kuma sunan mahaifinta ya ci, don haka kawunnansa da innoninsa suke ce masa Mai Sunan Baba. A rajistar firamare aka haɗa masa sunansa da na mahaifinsa, a sakandare aka ƙara masa sunan gari domin akwai takwarorinsa biyu a aji. Ya girma yana amsa suna huɗu, kowane a muhallinsa, bai kuma taɓa ɗaukar hakan a matsayin abin nazari ba sai wannan rana.

Abin da ke tsaye a bakin layi ya fi buhuna. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, da kuma rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agusta na 2019, noman shinkafa ya zama sana'ar da ake zuba wa jari a wannan yanki mai iyaka da Jamhuriyar Benin. Noman rani da bashi ake yin sa. Akwai bashin fetur na injin ban ruwa, da na taki, da na masu yanka da masu bugu, kuma kowane mai bin bashi ya san ranar da za a kai kaya awo. Manomin da ya koma gida babu rasit ya biya kuɗin dako a banza, zai kuma kwana yana ba da haƙurin da ba a yarda da shi ba. Cikin masu jiran akwai kawun Injiniya, yayan mahaifiyarsa, zaune a kan buhunansa.

Injiniya ya fara daga inda aka koya masa, wato daga ƙasa. Akwai wuta, domin batiran hasken rana sun cika. Wayoyi suna a maƙale. Na'urar da ke haɗa wurin awo da hedikwata ta layin wayar salula tana ƙyafta koren haske. Sai ya gwada hanya. Kowace na'ura a kan irin wannan hanyar sadarwa tana da lamba mai gaɓa huɗu, kowace gaɓa daga 0 zuwa 255, kuma da wannan lamba na'urori ke nemo juna. Suna domin mutane aka yi shi, saboda ƙwaƙwalwar ɗan'adam ta fi riƙe kalma a kan lamba. Ya aika ɗan saƙon gwaji da umurnin ping zuwa lambar wata na'ura da ke hedikwata a Birnin Kebbi, amsa ta dawo. Ke nan hanya lafiyarta ƙalau. Ya tambayi kundin sunaye da umurnin nslookup ko ya san rumbu, kundin ya ce babu mai wannan suna. Daga nan ya san ba waya ce ta tsinke ba, sunan ne ya ɓata.

Wannan kundi yana da tarihi. A shekarun 1970, sa'ad da na'urorin da ke haɗe da juna a Amurka ba su da yawa, takarda ɗaya ce ke ɗauke da sunayensu duka da lambobinsu. Wata cibiya a Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, ita ke kula da ita, kowa kuma ya kwafa daga can. Kamar ƙauye ne da mai gari ya san kowa da sunansa. Da na'urori suka yawaita sai takardar ta gaza, domin sunaye sun fara karo, kuma kafin a kwafe ta an sake sauya ta. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara abin da ake kira DNS, aka sake inganta bayaninsa a 1987. Hikimar tsarin ita ce raba iko. Babu wanda zai riƙe sunan kowa. Akwai tushe guda, ƙarƙashinsa akwai manyan yankuna irin su ng na Nijeriya da bj na Benin da ne na Nijar, kowane yanki kuma yana iya yanka ƙananan yankuna ya damƙa musu rajistar nasu mutanen. Cikakken sunan na'ura yana farawa da sunanta, ya bi da na ƙaramin yankinta, ya hau zuwa babba, ana raba su da ɗigo. Daga keɓantacce zuwa gama-gari ake tafiya, daidai yadda Bahaushe ke cewa wane ɗan wane na gari kaza.

Kamfanin da Injiniya ke wa aiki ya bi wannan tsari a cikin gidansa, da manhajar Active Directory wadda Microsoft ya fito da ita tare da Windows 2000. Akwai uwar yanki a Birnin Kebbi, wadda in an sakaya sunan kamfanin za ta zama kamfani.local. Da harka ta bunƙasa sai aka yanka mata 'ya'ya biyu, bagudo.kamfani.local da kamba.kamfani.local, ɗaya na reshen Bagudo wanda wurin awon Bahindi ke ƙarƙashinsa, ɗaya na reshen Kamba da ke ƙaramar hukumar Dandi. 'Ya'yan sun amince da uwa, ta hanyarta kuma sun amince da juna, har ma'aikacin Kamba yana iya shiga kwamfutar Bagudo da kalmar sirrinsa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, amincewa daban take da sanin suna. Ɗan'uwanka ne, ka yarda da shi, amma wannan bai sa ka san sunan kowane yaro da ke gidansa ba.

Ya buga waya hedikwata. Abokin aikinsa na can ya ce shi kam rumbu yana yi masa aiki. Ya buga Kamba, su ma suka ce lafiya lau. Sai a kira na uku aka tuna a gaya masa cewa an ɗauke rumbu daga Birnin Kebbi a ƙarshen mako an mai da shi Kamba, inda babban sito yake, an kuma goge tsohon sunansa daga rajistar uwa. An gyara wa kwamfutocin hedikwata hanyar shiga, an aika da sanarwa ta imel, amma jerin waɗanda aka aika wa bai haɗa da reshen Bagudo ba. Injiniya ya rubuta rumbu.kamba.kamfani.local ya gwada. Nan take amsa ta zo.

Yanzu dalilin ya fito fili. Kwamfuta ba ta iya neman gajeren suna kai tsaye a kundi. In aka ba ta kalma ɗaya tilo, sai ta liƙa mata wutsiya ta mai da ita cikakken suna, sannan ta tambaya. Kwamfutar Windows da ba a yi wa wani tanadi ba takan fara da wutsiyar gidansu. Ta Bahindi tana tambayar rumbu.bagudo.kamfani.local, in aka ce babu sai ta yanke gaɓa ɗaya ta hau wurin uwa, ta tambayi rumbu.kamfani.local. Shekara da shekaru a wannan tambaya ta biyu take samun sa, babu kuma wanda ya san tana yin tambaya biyu. Da aka ɗauke shi daga ɗakin uwa aka kai shi gidan ɗan'uwa, sai tsanin ya ƙare. Kwamfutar tana hawa sama, amma ba ta leƙa gefe. Abin da ya rage mata shi ne tsohuwar dabara, wato ta ɗaga murya a tsakar gida ta kira sunan ko wani zai amsa. Irin wannan kira ba ya tsallake na'urar da ke bakin ƙofar reshe, balle ya kai Kamba.

Yana cikin wannan lissafi kawunsa ya leƙo ta taga.

“Mai Sunan Baba, mi ya tsai da mu? Tun da asuba munka taso.”

Injiniya ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga duk kalmomin da ke kansa na Turanci ne. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Kawu, mai riƙe da littafin kuɗi ne ya tashi daga babban gida ya koma gidan Kamba. Yaron da muke aike bai san ya tashi ba. Ya duba gidanmu, ya duba babban gida, ya dawo ya ce babu shi.”

Kawun ya ce, “To ku gaya wa yaron ya biya ta Kamba mana.”

Maganin ke nan, kuma haka littattafan fannin suka tanada. Mafi sauƙi da an shiga manhajar awo an sauya gajeren suna da cikakke, amma wannan sashe a kulle yake, mabuɗinsa yana hannun waɗanda suka sayar da manhajar. Abin da ke hannun Injiniya shi ne saitin kwamfutar kanta, inda akwai wurin da ake rubuta jerin wutsiyoyin da za ta riƙa liƙa wa gajeren suna, ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take, mutane sun fara guna-guni, wani dattijo ya ce a mayar masa da buhunansa kan amalanke. Injiniya ya rubuta kamba.kamfani.local a cikin jerin, shi kaɗai, ya adana. Magatakarda ya danna maɓalli, bayani ya tafi, rumbu ya karɓa. Aka yi hamdala, sikeli ya ci gaba da aiki.

Sai dai rasit bai fito ba. Kwamfutar ta ce ta buga, na'urar bugawa kuwa ko motsi ba ta yi ba. Magatakarda ya sake turawa, ya kuma turawa. Ya ce a ci gaba da awo, in na'urar ta farfaɗo a raba wa kowa nasa, ya riƙa rubuta sunaye a takarda domin kada layi ya rikice. An auna wa mutum kusan goma, sai ya ɗaga kai daga takardarsa ya kira wanda ke biye.

“Audu!”

Mutum uku suka miƙe. Aka yi dariya, wani ya ce, “Wane Audun?” Magatakarda bai ko yi mamaki ba, domin kullum haka yake fama. Ya ƙara sunan uba, biyu suka rage a tsaye, ya ƙara sunan tunga, ɗaya ya matso. Injiniya yana kallo, sai gabansa ya faɗi. Na'urar buga rasit ta Bahindi sunanta rasit. Ta Kamba ma sunanta rasit, domin mutum ɗaya ne ya kafa rassan biyu, bai kuma ga dalilin wahalar da kansa ba. Ƙa'idar Windows ita ce, da zarar an rubuta jerin wutsiyoyi da hannu, kwamfuta ta daina amfani da wutsiyar gidansu, ta daina hawa wurin uwa, sai abin da ke cikin jerin kawai. Shi kuwa Kamba kaɗai ya rubuta. Bai gama wannan tunani ba wayarsa ta yi ƙara. Mai kula da siton Kamba ne yake tambayar ko wane ne ke turo masa rasit na mutanen da bai taɓa gani ba, wasu har sau uku, ga shi har yaronsa ya fara shigar da su cikin lissafin kayan da suka iso.

Kuskuren safe shiru ne, kowa ya gan shi, aiki ya tsaya. Na tsakar rana kuwa amsa ce, amma daga bakin wanda ba shi ake kira ba, kuma da mai sito bai buga waya ba da an kai yamma ba a sani ba. Da sai a wayi gari littafin Kamba yana ɗauke da buhunan da ke jibge a Bahindi, manoman Bahindi kuma ba su da shaidar kayansu. Masana fannin sun daɗe da sanin wannan haɗari. Tun a 1993 aka fitar da takardar gargaɗi mai lamba RFC 1535, wadda ta nuna yadda liƙa wutsiya barkatai ke iya kai mai nema ga wata na'ura ta daban da wadda yake nufi, har ma ta baƙo. Injiniya ya karanta wannan a makaranta domin cin jarrabawa. A Bahindi ya gan shi da idonsa, da kuɗin kawunsa a ciki.

Ya roƙi mai sito ya tattara takardun ya soke su, ya kuma karanto masa lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya koma kan jerin ya sake rubuta shi a natse. Ya sa bagudo.kamfani.local a farko, kamfani.local a tsakiya, kamba.kamfani.local a ƙarshe. Ya share abin da kwamfutar ta haddace na tsofaffin amsoshi, domin takan riƙe amsa na ɗan lokaci, daidai ce ko kuskure, har da amsar babu. Ya gwada sunayen biyu kafin ya bari a taɓa komai. Rasit ya nuna lambar na'urar da ke gefensa, rumbu ya nuna ta Kamba. Na'urar bugawa ta yi ƙara ta fara aman takarda.

Abin da ya tsaya masa a rai bayan hayaniyar ta lafa shi ne, jerin nan ba lissafi ba ne kawai, hukunci ne. Wanda ya tsara shi yana yanke shawarar gidan da za a fara tambaya, kuma duk sunan da ya zo ɗaya a gida biyu, na farkon jeri ne zai ci. Al'umma ma tana da irin wannan jeri a kanta, ba a rubuce ba. In mutumin Bagudo ya ce zai tafi Birni, Birnin Kebbi yake nufi. In mazaunin Fagge ya faɗi haka, cikin ganuwar Kano yake nufi, mutumin kudancin Nijar kuma wataƙila Birnin Ƙonni. Akwai Sabon Gari a Kano, akwai a Zariya, akwai a wajen Illo cikin ita kanta ƙaramar hukumar Bagudo. Mai magana da mai sauraro in gidansu ɗaya, wutsiya ɗaya suke liƙawa ba tare da sun sani ba. In sun fito daga gida daban-daban, kowa zai liƙa tasa, kuma duka biyun za su rantse sun fahimci juna. Mutanen kan iyaka sun fi kowa sanin haka. Lambar wayar da ake bugawa a gajarce cikin Nijeriya ba ta shiga daga Segbana ko Malanville sai an sa mata 234 a gaba, ta can kuma sai da 229.

Hausawa sun daɗe da gano cewa suna yana ƙara tsawo gwargwadon nisan da mai shi ya yi daga gida. A tsakar gida Tanko ko Kande ko Auta ya isa, domin kowa ya san wanda ya biyo mata da wadda ta biyo maza da wanda ya rufe ƙofa. A unguwa sai an ƙara uba ko sana'a. A wata ƙasa sai an ƙara gari. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda masarautar da Bagudo ke cikinta ta samo asali daga gare shi, an fi sanin sa da Abdullahin Gwandu. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, harafin mallaka da sunan gari ne suka narke suka zama sunansa. Da rajistar makarantun boko da ta aikin gwamnati suka zo, suka tara samari daga larduna daban-daban a ɗaki ɗaya, al'adar ta ƙara kafuwa, aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari. Yau an kai matakin da ko wannan bai isa ba, sai lambar BVN ta banki da ta NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kowace mai alƙaluma 11. Manomin da aka rubuta Garba a rasit alhali Abubakar ne a banki ya san wahalar da ke tsakanin suna da lamba.

Wannan batu na Garba da Abubakar shi ya ba Injiniya magani mai ɗorewa. Kundin DNS yana da nau'in rajista da ake kira CNAME, wadda aikinta kawai ta ce wannan suna laƙabin wancan ne. Duk Bahaushe ya san in an ce Garba ko Habu ko Buba, Abubakar ake nufi, in an ce Audu, Abdullahi, in an ce Shehu, galibi Usman. Ya nemi hedikwata ta mai da sunan rumbu cikin rajistar uwa a matsayin laƙabi mai nuni zuwa Kamba, kamar wanda ya tashi daga gida ya bar sallahu wurin maƙwabta. Da an yi haka tun ranar Asabar, da babu kwamfutar da za ta san an yi ƙaura. Microsoft ma ya tanadi wani kundi na musamman mai suna GlobalNames tun daga Windows Server 2008, domin 'yan sunayen da ake so kowane reshe ya same su a gajarce. Ya ba da shawarwari uku a rahotonsa. Kada a sake raɗa wa na'ura biyu suna ɗaya ko da a rassa daban suke. Duk inda manhaja za ta kira wata na'ura, a rubuta cikakken suna. In kuma dole ne a yi jerin wutsiyoyi, a tsara shi daga hedikwata ga kowane reshe, gidan mai nema a farko.

Wajen sauya sunaye ya ci karo da wata iyaka da ta shafi harshen kansa. Ƙa'idar sunan na'ura ba ta karɓar komai sai baƙaƙen Turanci 26 da alƙaluma da karan ɗori. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu alhamza. Ya so ya kira wata na'ura ma'aji, dole ta zama maaji. Ƙofa ta zama kofa. A irin wannan rubutu baki da baƙi ɗaya ne, kafa da ƙafa ɗaya ne, kuma dama rubutun boko bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba. Tun 2003 aka samar da hanyar shigar da baƙaƙen wasu harsuna cikin sunayen intanet, amma a cikin gidan kamfani ba a cika yarda da ita ba, saboda tsofaffin manhajoji suna tuntuɓe da ita. Don haka mai raɗa wa na'ura sunan Hausa sai ya zaɓi kalmar da ba ta da lanƙwasa, ko wadda in an cire mata lanƙwasar ba za ta koma wata kalma ba. Ashe wanda ya zaɓi rumbu ya yi dace, ko ya yi tunani.

Rahoton hedikwata da Turanci ya rubuta shi. Amma akwai magatakarda, wanda shi ne zai fara ganin matsala in ta sake faruwa, kuma da Hausa ya fi sakewa. Injiniya ya zauna zai rubuta masa bayani a takarda guda, ya tsaya a kan kalmar da zai kira abin da ake liƙawa a bayan suna. Wutsiya ta yi a baki, amma a rubuce sai ya ga kamar wasa. Can ya tuna darasin ginin kalma a ajin Hausa na sakandare, inda malaminsu ya rubuta ɗafa-goshi da ɗafa-ciki da ɗafa-ƙeya a kan allo. Ya rubuta jerin ɗafa-ƙeya. Washegari magatakarda ya karanta bai tambayi ma'anarsa ba, shi ma ya zauna a irin wannan aji. Kalmar da masana nahawu suka ƙirƙira domin bayanin yadda ake gina jam'i ta yi aiki a ɗakin awon shinkafa ba tare da an sake mata fasali ba. Sauran kalmomin kuwa, uwa da 'ya'ya da laƙabi da takwara da sallahu, a tsakar gida ya tsince su. Bai buƙaci ƙirƙirar ko ɗaya ba, abin da ya buƙata shi ne ya tsaya ya fahimci abin da na'urar ke yi kafin ya nemo sunansa.

La'asar sakaliya aka kai ga buhunan kawunsa, domin ya ƙi yarda a tsallake da shi gaban kowa. Rasit ya fito da sunansa na yanka da na mahaifinsa da na tungarsu, ga lambar asusu a ƙasa. Ya miƙa wa Injiniya ya karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce rabon da ya ji an jera masa sunansa haka tun ranar ɗaurin aurensa. Ya ninke takardar ya sa cikin hula.

Bayan magariba Injiniya ya isa gida da ƙurar shanshera a rigarsa. Ya yi sallama a zaure. Ƙannensa uku suna tsakar gida, amma da mahaifiyarsa ta ce daga cikin ɗaki, “Kai, ka dawo? Ga tuwonka nan a rufe,” babu wanda ya waiwaya a cikinsu. Shi ya amsa.